Kofin da Aka Ajiye Maka a Malaz

Riyad, ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da sauran ƙarfinka, ya tsare ƙafarka a kan tsani, ya tsare hannunka daga lantarki, ya riƙa dawo da kai gida lafiya ko da babu mai buɗe maka ƙofa.

Baba, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna. Mako tara ke nan, duk ranar Juma'a bayan la'asar, idan barci ya ɗauke ka, nakan zare wayarka daga caji in shiga kicin in tura ƙofa. Akwai mutum bakwai a garin nan da suke tsammanin sun san ka. Suna kiran sunanka, ni ce nake amsawa.

Don Allah kada ka yaga takardar tukuna. Ka san ni da magana, in na buɗe baki sai ta maƙale, shi ya sa na rubuta. Jibi Alhamis zan hau jirgi in tafi wurin Inna a Funtuwa, kuma na san kai ya kamata ka zaunar da ni ka yi mini nasiha. To amma sunan mahaifiyarka ka sa mini, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ka faɗi sunan ba, sai dai ka ce Uwata. Uwata kawo ruwa, Uwata ina makullina. Ka bari in zama ita na tsawon takarda ɗaya. Inna ta ce lokacin da za ka taho Saudiyya Kaka ba ta yi maka faɗa ba, kurakuranta kawai ta ba ka labari. Ni ma su zan ba ka, don su kaɗai nake da su.

Kuskurena na farko shi ne gorar da ke bayan tukunyar gas. Wata biyu bayan Inna ta tafi haihuwa takardar dawowarta ta mutu, ina shara na ga gorar. Gorar ruwa ce irin ta baƙala, kantin unguwa, abin ciki fari tas. Na buɗe zan zuba a buta, warin ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Ban san mene ne ba, na zaci na wanke esi ne, na'urar sanyaya ɗaki, cikin kayan aikinka. Sai da na ga kana zuba shi a kofin shayi ranar Juma'a, ka juya mini baya, sannan na gane. Giya ce. Na rubuta kalmar sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ga abin da na yi. Kullum in ka fita sai in zubar da kaɗan a magudana in cike da ruwan famfo. Na yi tunanin in na riƙa ƙara ruwan a hankali, wata rana za ka wayi gari ruwa zalla kake sha ba ka sani ba, kamar yadda Inna ta yaye ƙanena Sadiƙu. Har daɗi nake ji, ina ganin na yi dabara. Ashe gorar da take maka kwana huɗu sai ta koma kwana biyu. Na ji ka a waya kana zagin mai kawo maka, kana cewa ya zama ɓarawo. Ni ce ɓarauniyar, Baba. Abin da na gane shi ne, abin nan ba ya barin mutum a sace. Ko ni in yi maka dabara, ko kai ka yi wa kanka, ka ce yau rabin kofi kawai, duk ɗaya ne. Kada ka yi irin tawa.

Na biyu, ƙaryar zazzaɓi. Sau uku mudir, maigidanku na shago, ya kira da safe kana kwance, na ce masa ba ka da lafiya. Na iya Larabcin ƙarya fiye da na gaskiya. A karo na uku ya ce, "Ya binti, zazzaɓin babanki ranar Asabar kawai yake zuwa?" Na kashe wayar. Rannan ka tashi da hantsi, na kawo maka shayi, na ga kofin yana kaɗawa a hannunka har ya zuba a wando. Ka ce zafi ne. Sannan ka saɓi tsani ka fita. Na leƙa ta taga ina kallon ka har ka sha kwana, ina tunanin hannun nan ne zai riƙe ƙarfe a bene hawa uku yana kwance esi. Da yamma ka dawo da ƙujewa daga gwiwar hannu har wuyan hannu, ka ce ka ɗan zame ne. Na kawo man shafawa. Amma daga ranar na fara nema.

Ban ma san sunan abin da nake nema ba. Na rubuta a wayarka da Hausa, na rubuta da Larabci, na gwada da ɗan Turancin firamare. Sai na yi ta ganin abu ɗaya: wai mutanen da suka sha, ko suke sha, sukan zauna tare su yi magana, kuma wai yana taimako. Na rasa gane wannan. Yaya marar lafiya zai warkar da marar lafiya? Na ɗauka in sun taru sai ɗaya ya fito da gora daga aljihu. Har yanzu ban gama ganewa ba, gaskiya. Abin da kunnena ya ji kawai zan faɗa maka. Wuri huɗu na shiga, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Na farko na Turanci ne, ta bidiyo. Fuskoki ne cike da wayar, maza da mata, wasu farare wasu baƙaƙe, wata tsohuwa ma da kyanwa a cinya. In mutum ya gama magana sai su gode masa gaba ɗaya. Wani ya yi kuka, ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Na ji a jikina mutanen kirki ne, amma cikin kalma goma biyu nake kamawa. Ina ƙoƙarin ƙara murya sai na taɓa wani wuri, kyamara ta buɗe, na ga fuskata da ɗankwali a tsakiyarsu, ga tukwane a bayana. Tsohuwar ta ɗaga mini hannu tana murmushi. Na yar da wayar a kan buhun shinkafa. Tsagewar da ke gefen gilashin, wadda ka zaci a wurin aiki ta samu, daga nan ne.

Ban ga laifinsu ba. Amma Baba, Turancinka na aiki ne, na waya da kwastoma. Ban taɓa jin ka yi fushi da Turanci ba, ban taɓa jin ka yi kewar Kaka da shi ba. Ina ganin ka nemi inda za ka faɗi abin da harshen da kake addu'a da shi bayan ka sallame salla. In ba ka samu ba, to ko wannan ya fi babu. Ban sani ba.

Na biyu na wani asibiti ne. Na ga sanarwa da Larabci cewa suna da zama na masu son dainawa, da likita a kusa. Na kira, na ƙanƙance murya na ce ina tambaya ne saboda wani. Mutumin ya yi mini magana a hankali, ba tsawa. Sai ya ce, "Lambar iƙamarsa fa?" Jin ya nemi lambar katin zamanka na ƙasar, na kashe. Zuciyata ta ba ni shurɗa, 'yan sandansu, ta ba ni tarhil, korar baƙi gida, na gan ka a jirgi da kaya ɗaya a jiki, mutanen Funtuwa suna tambayar me ya faru. Kwana biyu duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in ce su ne.

Ba wanda ya zo. Kuma daga baya na ji wani da ya bi ta irin wannan asibitin yana cewa shi dai da ƙafarsa ya je, an duba shi, ba wanda ya kai shi ko'ina. Shi dai, haka ya ce. Ko haka ake yi wa kowa, ni yarinya ce, ban san dokar ba. Kuskurena shi ne ban tambaya ba, na gudu. Da na ce masa, "Me za ku yi da lambar? Wa zai gani?" Kai babba ne, kana iya tambaya kafin ka ba da komai, kuma ka fara tambayar wanda ya taɓa zuwa.

Na uku shi ne wanda nake jin kunyarsa. Zaure ne a waya, na Hausawa zalla, mutum ya fi ɗari. Da na ga Hausa sai na ji kamar na iso gida. Mai zauren wani ne da ake ce wa Ustazu. Kullum yana turo saƙon murya mai tsawo a kan wuta da azabar kabari. Abin da yake faɗa ba ƙarya ba ne, a Islamiyya ma an koya mana. Sai dai shi kaɗai yake magana, kuma da kansa ya ce ko warin abin bai taɓa ji ba. Na yi mako uku ina saurara, ina jin daɗi, ina cewa dama Baba ya ji wannan ya tsorata. Ka ga wautata. Kamar ba ka san haramun ba ne. Ni da na sha ganin ka kana wanke baki sau bakwai kafin ka tsaya a kan darduma.

Wata rana wani bawan Allah ya turo murya yana kuka, ya ce ya kasa, ya faɗi sunansa da inda yake aiki, ya roƙi a taimake shi. Ustazu ya amsa masa da minti ashirin na faɗa a gaban kowa. Bayan kwana huɗu na bi Anti Balki maƙwabciyarmu kasuwar Batha sayen atamfa, ina tsaye a wani shago sai na ji wannan muryar dai tana fitowa daga wayar wani. Maza uku sun kewaye ta suna dariya, ɗaya yana cewa, "Mayar baya, mayar wurin da ya ce wayyo Allah." Na tuna saura kaɗan in rubuta labarinka a can.

Baba, duk inda za ka shiga, ka fara yin shiru ka ƙirga bakin da ke magana. In ɗaya ne, ka fita. In ana ajiye muryar mutane ana iya tura ta gaba, ka fita. In mai wurin bai taɓa faɗuwa ba, ban ce mugu ba ne, amma bai san inda ke ciwo ba. Wa'azi yana da wurinsa, masallaci yana nan kusa da mu.

A ranar da na fita daga zauren, saƙo ya shigo wayarka daga wata lamba. Ya ce, "Ɗan'uwa, na ga ka fita. In kallo ka zo yi, Allah ya kiyaye hanya. In ciwo ne ya kawo ka, akwai wani wuri ƙarami." Na yi mako guda ina karanta shi ina ɓoyewa. Sannan na rubuta, "Ciwo ne."

Su ne mutum bakwai ɗin. Babbansu Baba Ilu ne, mutumin Maradi, mai gadi a wani gini a Nasiriyya. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana sha, yanzu shekara shida rabonsa da shi. Wanda ya turo saƙon kuma Ɗanjuma ne, direban motar kai ruwa, mai yawan tsokana. Duk Juma'a bayan la'asar suna haɗuwa ta kiran waya, murya kawai. Ba a ɗauka, ba a ajiyewa, ba a tambayar sunan uba ko na kafili, ubangidan da ya tsaya wa mutum. Sau ɗaya a wata kuma suna haɗuwa ido da ido a lambun Malaz, da tabarma da fulas ɗin shayi, kamar kowa. Baba Ilu yakan kira suna ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya ce, "Ina nan." Sai a tambaye shi, "Makon nan fa?" Sai ya faɗi ko ya sha ko bai sha ba, da abin da ya faru. Shi ke nan. Na yi ta jiran in ji inda maganin yake, ban ji ba.

Da aka zo kanka, Baba Ilu ya kira sunan da ke jikin wayar. Ba zan iya rubuta shi ba, ka sani. Na toshe bakina da ɗankwali. In na yi magana za su ji mace, in na yi shiru za su cire ka. Sai na rubuta, "Ina nan." Baba Ilu bai iya karatun boko ba, Ɗanjuma ne ya karanta masa. Ya ce, "Baba, sabon namu bebe ne." Aka yi dariya. Baba Ilu ya ce, "Ku ƙyale shi. Ni wata ukku na yi ina zuwa ban ce uffan ba, sai shan shayin mutane." Tun daga ranar Bebe suke ce maka. Ka yi haƙuri.

Mako biyu ba su tambaye ka komai ba. A na uku Baba Ilu ya ce, "Bebe, makon nan fa?" Kana kwance a falo, ina jiyo minsharinka ta ƙofa, kofin yana gefen kujera. Na dubi wayar. Ban san me ya shiga kaina ba. Ina jin so nake ko sau ɗaya in ji an yaba maka. Na rubuta, "Ban sha ba."

Ɗanjuma ya karanta da ƙarfi, suka yi ta barka. Wani ya ce Allah ya ƙara ƙarfi. Na zauna a ƙasan kicin ina murmushi kamar gaske ne. Mako na gaba na sake. Na gaba ma haka. Ƙarya ta zama mini kamar wanke-wanke, in lokacinta ya yi sai in yi.

A mako na bakwai aka kira Ɗanjuma. Da ya amsa babu tsokana a muryarsa. Ya ce an aiko masa ƙanwarsa ta rasu a gida, bai samu izinin tafiya ba, ya yi kwana uku a jere yana sha, bayan wata biyar rabonsa da shi. Na zauna jiran irin abin da Ustazu ya yi. Baba Ilu ya ce, "Ka ci abinci yau?" Ya ce a'a. Baba Ilu ya ce, "To wa ke kusa da Batha, inda yake kwana?" Wani ya ce shi ne. "Ka kai mishi tuwo, ka zauna har ya cinye. Gorar da ta rage ku zubar tare." Sannan suka yi wa ƙanwar addu'a. Ba wanda ya ce masa ka ba mu kunya.

Ina ganin a nan ne za ka gane wuri, Baba. Kowane zaure ya iya yi wa mai nasara barka. Ka jira ka ga abin da suke yi wa wanda ya faɗi, don wata rana kai ne.

Amma ban gama ba. Kafin a rufe, Ɗanjuma ya ce, "Ni Bebe ne yake ba ni kunya. Jiya-jiya ya zo, ko magana ba ya yi, ga shi yana tafiya tiryan-tiryan. Ni mai baki ga ni a ƙasa." Sai da aka zo kanka shi ne ya karanta "Ban sha ba" da bakinsa. Baba, na ɗora wa mutumin da ke makoki kaya da ƙaryata. Na yi amai a wurin wanke-wanke. Ban san laifin wa ya fi ba, nawa ko na gorar.

Suna da wata al'ada. Baba Ilu yana da kwali na ƙananan kofunan shayi. Wanda ya cika kwana arba'in, in an haɗu a Malaz sai a ba shi nasa, a ɗaura zare a hannun kofin da launin da ya zaɓa, duk wata da shi zai sha. Kafin nan da kofin takarda mutum yake sha. A mako na takwas Ɗanjuma ya ce, "Jama'a, na ƙirga. Bebe ya cika arba'in har da biyu. Wane launi kake so, Bebe? Ko shi ma sai ka rubuta?" Bai jira in rubuta ba. Ya ce, "To kore na zaɓa maka, launin tutarku." Haɗuwar ita ce Juma'ar nan mai zuwa, kwana ɗaya bayan tafiyata.

Mako guda ban ci abincin kirki ba, har ka ce Uwata ko zumuɗin jirgi ne. Na yi tunanin in fita daga zauren in goge komai, su ce Bebe ya ɓace. Na yi tunanin in buɗe baki in ce ni 'yarsa ce, sai na ga wannan tona maka asiri ne ba da izininka ba. Na yi tunanin in tashe ka in miƙa maka wayar. Har na zo kanka na tsaya, na kasa.

Juma'ar da ta wuce Baba Ilu ya ce, "Bebe, makon nan fa?" Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Na tura: "Na sha. Ban taɓa dainawa ba. Duk ƙarya ce. Ɗanjuma ka yafe." Ɗanjuma ya fara karantawa da muryar wasa, sai ya tsaya a tsakiya, sannan ya ƙarasa a hankali.

Ɗanjuma ne ya fara magana. Ya ce, "Amma Bebe kai ɗan iska ne. Mako biyu ina jin kaina kamar shara saboda kai." Sai ya yi wata dariya, ya ce, "Wallahi har na ji sauƙi. Ashe mutum ne kai." Wani mai suna Hamisu bai yi dariya ba. Ya ce shi ransa ya ɓaci, wurin nan gaskiya kaɗai ke riƙe da shi, kuma ba zai ɓoye ba. Baba Ilu ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Hamisu ya yi gaskiya. Bebe kuma yau ne ya fara zuwa, sauran makonnin wani ne ya zo." Na zaci ya gane ni. Har yau ban sani ba ko ya gane. Ya ce, "Kofi na nan cikin kwali da zarensa, ba ya lalacewa. Ranar Juma'a da na takarda za ka sha. Amma rubutu ya isa haka. Ka taho da ƙafarka, mu ga idonka. Muna kusa da ƙofar da masu sayar da masara suke, tabarma shuɗiya."

Ya ƙara wani abu da ya ce in riƙe, wato ka riƙe. Ya tambaya ko hannunka yana rawa da safe. Na rubuta e. Ya ce to kada ka yanke shi rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki, yana iya kayar da mutum ya yi ta jijjiga, ya ga wanda hakan ta faru da shi. Ya ce su ba likitoci ba ne, amma sun san hanyar zuwa wurin likita, kuma ba sa barin mutum ya je shi kaɗai. Wannan ma na ga alama ce ta wurin kirki, su san abin da ba su iya ba. Ni ban san nawa ba, shi ya sa na yi ta zuba maka ruwan famfo.

Ban ce lallai su ne naka ba. Wataƙila ka je ka ji Ɗanjuma ya cika surutu, ko Hamisu ya haɗe maka rai. Wataƙila akwai wanda ka sani a cikinsu, ka ji kunya ta kama ka. In haka ta faru ka tuna shi ma abin da ya kawo shi ke nan. Baba Ilu yakan ce wa sabo ya zo sau shida kafin ya yanke hukunci, in bai yi masa ba su da kansu za su nuna masa wani wurin. Ni na yi tara a madadinka, amma ina jin ba a lissafa nawa.

Ban san me za ka gaya musu a kaina ba. In ka ga dama ka ce kai ne Bebe, bakinka ne ya buɗe. In ka ga dama ka ce 'yarka ce. Ni dai na fi son ka faɗi gaskiya, don na ɗanɗana ɗayar, ba daɗi. Kuma ban san ko za ka yi fushi da ni ba. Na taɓa maka waya, na shiga maganar manya, na sa an yi maka suna. In ka kira Funtuwa ka ƙi cewa a ba ni, zan gane.

Allah ya tsare mini kai, Baba. Ya tsare ka a saman bene da ƙasansa, ya tsare ka daga mai kawo gorar, ya haɗa ka da mutanen da za su tambaye ka ko ka ci abinci. Ya jiƙan Kaka. Ya nuna mini ranar da za ka zo Funtuwa ka ɗauki jaririyar Inna da hannun da ba ya rawa. Ka yafe mini abin da na yi da wanda na kasa yi. Miyar kuka tana cikin firji, roba huɗu, ka riƙa fito da ɗaya tun da safe. Farar jallabiyarka na goge ta, tana bayan ƙofa.

Saura abu ɗaya. Na haddace lambar Ɗanjuma, kuma Inna tana da waya. Da na so, ko daga Funtuwa zan iya cewa Bebe ya canza layi, in ci gaba da rubuta "Ina nan" har shekara. Na yi tunanin hakan sosai, don ina jin tsoron ranar da za a kira ka a ji shiru. Amma jiya na fito da zauren daga inda nake ɓoye shi, na bar shi a sama, kana buɗe wayar shi za ka fara gani. Gorar tana bayan tukunyar gas, ban zubar ba, ban ƙara mata ruwa ba. Ranar Juma'a bayan la'asar Baba Ilu zai kira sunanka a kan tabarma shuɗiya. Ni ba zan amsa ba.

'Yarka,
Uwarka,
Hajara.